Kombi Mai Ɗakin Kwana: Tarihinta A Bakin Tsatsa Da Masu Walda

Masana tarihi sun saba neman labari a bakin tsofaffi, ko a cikin kundaye, ko a ƙarƙashin kufai. Ni kuwa a wannan ɗan rubutu ina so in ja hankalin mai karatu zuwa wani wuri da ba a cika leƙawa ba, watau jikin tsohuwar mota. Motar da nake nufi ita ce bas ɗin nan ta kamfanin Volkswagen da ake kira Kombi, musamman irin wadda aka ƙawata cikinta da gado da teburi da murhu don matafiya su riƙa kwana a ciki. A ganina, duk wanda ya zauna ya kalli mai walda yana fiɗar irin wannan mota don ya raya ta, to zai karanta tarihin da ba a rubuta a takarda ba.

Asalin Kombi daga Jamus ne. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu masana'antar Volkswagen da ke garin Wolfsburg ta faɗa hannun sojan Ingila, a ƙarƙashin wani hafsa mai suna Manjo Ivan Hirst. Wani dillalin motoci ɗan ƙasar Holan, Ben Pon, ya ziyarci masana'antar, ya ga wata 'yar ƙwarya-ƙwaryar mota da ma'aikata suka harhaɗa suna jigilar kaya da ita a cikin harabar. A watan Afrilu na 1947 ya zana hoton wata mota mai siffar akwati a littafinsa na aljihu: direba a can gaba, inji a can baya, kaya a tsakiya. Wannan zane shi ne kakan duk wata Kombi. An fara ƙera ta sosai a ranar 8 ga Maris 1950, da ɗan inji mai ƙarfin doki 25 wanda iska ke sanyaya shi, ba ruwansa da lagireto. A 1956 aka mai da aikin garin Hanoba saboda yawan ciniki.

Akwai wani abu da ya faru tun kafin a fara sayar da ita, wanda shi ne ginshiƙin maganata. Motar gwaji ta farko an ɗora ta ne a kan shimfiɗar ƙaramar Volkswagen ɗin nan mai kama da kunkuru, sai aka ga ba ta jure nauyi ba. Saboda haka injiniyoyi suka sake shawara, suka yi mata shasi mai kama da tsani, sa'an nan suka like shi da bodi ta hanyar walda, suka zama abu guda. Dabarar ta yi kyau ƙwarai: mota ta yi sauƙin nauyi, ta yi araha, ga ta da ɗaukar kaya wajen kilo 750. Amma fa ƙarfinta ya koma kan fallayen ƙarfe waɗanda kaurinsu bai kai na kwali ba, wajen milimita ɗaya, an naɗe su kamar bututu, cikinsu babu wani fenti na kirki. Ruwa na shiga, ba ya samun hanyar fita. Ke nan abin da ya ba ta ƙarfi shi ne kuma ajalinta.

Zancen ɗakin kwana kuwa ya faro ne a 1951, lokacin da wani kamfanin Jamus mai suna Westfalia ya fara yin wani akwatin katako da ake sakawa a cikin motar ran hutu, a cire shi ran aiki. Daga baya aka riƙa kafe kayan dindindin, har aka huda rufin aka yi masa murfi mai ɗagawa don mutum ya iya miƙewa tsaye. A Ingila ma kamfanoni irin su Dormobile da Devon suka shiga sana'ar. Daga 1967 aka sake wa motar fasali, gilashin gaba da yake rabe biyu ya koma guda ɗaya mai faɗi. Wannan zamani ya zo daidai da lokacin da samarin Turai da Amurka suka tsiri yawon duniya da 'yan kuɗi kaɗan. Wasu suka nufi Indiya ta Turkiyya da Iran da Afganistan, har zuwa 1979 da juyin juya halin Iran da shigar sojan Rasha Afganistan suka toshe hanyar.

Wasunsu kuwa kudu suka fuskanto, kuma a nan ne labarin ya shafe mu. Sukan tsallaka Bahar Rum zuwa Aljeriya, su bi ta In Salah da Tamanrasat, su keta Hamada zuwa Arlit da Agadas, su gangaro Damagaram, su faɗo Kano. Wanda duk ya yi wayo a shekarun 1970 da 1980 a waɗannan garuruwa zai tuna da su: Turawa masu dogon gashi, jarkoki da tayoyi ɗaure a kan kariya, mota ta yi buɗu-buɗu. Da yawa ba su koma da motocinsu ba, sun sayar a hanya sun yi kuɗin jirgi. Tun da Nijeriya ta koma tuƙin hannun dama a 1972, motar Jamus mai sitiyari a hagu ta dace da titunanmu ba tare da an taɓa kome ba. Hanyar ta mutu a farkon shekarun 1990, sa'ad da yaƙin basasa ya ɓarke a Aljeriya, tawayen Buzaye kuma ya tashi a arewacin Nijar.

Ban da waɗannan baƙi, muna da namu. A 1975 aka fara harhaɗa motocin Volkswagen a Ojo ta Ikko, shekarar da aka fara na Peugeot a Kaduna, kuma Kombi na cikin abin da aka harhaɗa. Ita ce danfo ta asali a Ikko, ita ce kuma ta yi jigilar fasinja a tashoshinmu kafin Hayis ta ƙwace mata kasuwa.

To, bari in zo kan tsatsa. Ƙarfe ba ya tsatsa sai ruwa da iska sun haɗu a kansa, gishiri kuwa shi ne mai zuga su. A Turai ana watsa gishiri a tituna lokacin sanyi don ya narkar da ƙanƙara, tayoyi su yi ta feso wannan ruwan gishiri a ƙarƙashin mota wata da watanni. Kombi ba a tsoma ta cikin ruwan tutiya ba kamar yadda aka fara yi wa wasu motocin Jamus daga tsakiyar shekarun 1970. Don haka wuraren da take ruɓewa sanannu ne: dokin ƙofa, da ƙarafan da ke tallafe da daɓen ciki, da mazaunin jak, da kogon tayoyi, da ƙasan tagogi inda roba ke riƙe ruwa, da indararon da ya kewaye rufi, sai kuma mazaunin batir wanda ruwan batir ke cinyewa. Mai ɗakin kwana ta fi kowacce shan wahala, domin numfashin masu barci da tururin girki suna zama raɓa a bayan katako, inda ido ba ya kaiwa. Daga ciki take ruɓewa, in ka ga fenti ya kumbura daga waje, aikin gama ya riga ya gama.

Na taɓa bin diddigin gyaran wata irin wannan a wani gareji a Kano. Wani saurayi ne ya saye ta a inda aka yar da ita, ya kawo wa wani dattijo mai walda. Ƙirar farkon shekarun 1970 ce, tambarin Westfalia na nan a jikinta, ko da yake gado da murhu sun daɗe da tafiya. An ce ta yi haya da kujerun benci, daga baya ta yi rabon burodi. Dattijon bai fara da wuta ba. Sai da aka kwashe gilasai da wayoyi, aka sauke inji da tankin mai, domin a Kombi tankin yana maƙwabtaka da injin, kuma wanda ya kunna wuta kusa da tsohon tanki ya san sauran. Sa'an nan ya ɗauki maganaɗisu yana bin jikinta da shi. Inda ya kama, ƙarfe ne. Inda ya faɗi, ƙullun ciko ne aka lafta aka rufe da fenti. A wani wurin kaurin cikon ya kai ɗan yatsa.

Da aka kankare, sai gyare-gyaren baya suka bayyana hawa-hawa, kowane da zamaninsa. A can ƙasa akwai ɗigo-ɗigon waldar masana'anta, a jere ras kamar ɗinkin keke. A kan dokin ƙofa akwai faci irin na Turai, an ɗora sabon falle a kan ruɓaɓɓe ba a yanke ba, irin aikin da akan yi a gurguje don mota ta ci jarrabawar lafiya ta shekara, wadda a Ingila aka fara tun 1960. Danshi ya zauna tsakanin fallayen biyu ya ci su duka. A kan wannan kuma sai ga hannun mutanenmu: waldar kabaid da tagulla, faci daga bakin ganga, wani ma daga murfin tsohon firiji. Abin da ya ba ni mamaki shi ne, rufi da gefuna na sama lafiyarsu lau. Ɓarnar gishiri ta tsaya kusan inda ta tsaya ran da motar ta shiga Hamada; busasshiyar iskarmu ta adana sauran. Ɓarnar da aka yi a nan ta lodi ce da ramuka, watau tsagewa da lanƙwasa.

Kada mai karatu ya raina waɗannan faci na ganga. Waldar kabaid tsohuwar fasaha ce, Faransawa biyu, Edmond Fouché da Charles Picard, suka ƙago bakin wutarta a farkon ƙarni na 20, kuma ita ta fi dacewa da inda lantarki ba shi da tabbas. Bayan 1986, da aka karya darajar Naira a zamanin Janar Babangida, sababbin kayan gyara suka gagari talaka, masana'antar Ojo ta yi ta ja da baya. Masu walda da 'yan fanel bita na Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna su suka riƙe motocin ƙasar nan a kan titi da guduma da basira. Burinsu shi ne mota ta fita gobe da safe ta nemo abinci, kuma ta fita.

Aikin raya mota kuwa wani abu ne dabam, haƙuri yake ci. Kafin dattijon ya yanke dokin ƙofa sai da ya gicciya sandunan ƙarfe a ƙofofin ya like su, domin da zarar an cire wannan ƙashi jiki zai saki, ƙofa ba za ta ƙara rufuwa daidai ba har abada. Ya huda ɗigon waldar masana'anta ɗaya bayan ɗaya, ya yanke ruɓa har sai da ya tarar da farin ƙarfe mai ƙyalli. Kowane gurbi ya auna shi da kwali, ya yanka sabon falle daidai da shi, ya buga shi a kan kututture har ya ɗauki siffa, ya haɗa baki da baki ba ɗori. Wahalar siririn ƙarfe ita ce zafi: in ka ja wuta a miƙe zai karkace kamar ganyen da rana ta buga, in ka sa sandar waldar lantarki irin ta masu ƙofofi za ta huda shi. Masu wannan aiki a Turai sun dogara da injin walda mai zare waya da iskar gas, wanda asalinsa ya koma 1948. Shi kuwa da kabaid ɗinsa ya yi, yana ɗiga nan ya tsallake can, ya bari ya huce, ya daddaka da guduma, ya dawo. Gefe guda ya ci masa mako uku. Bayan haka ne aka bi da giranda da samfefa, aka shafa fentin hana tsatsa, aka ɗura kakin zuma da mai a cikin bututun da Jamusawa suka bari tsirara.

A nan ne ni da mai motar muka saɓa. Shi yana so a cire duk wani tsohon faci, ta koma kamar ran da ta fito daga Hanoba. Ni kuwa na so a bar ko guda ɗaya mai lafiya, na ƙofar baya, wanda har yanzu ana iya karanta ragowar rubutun gangar a bayansa. Motar ta fi daɗewa a ƙasar Hausa bisa ga Jamus, to don me za a goge wannan rabin rayuwar tata? Mai abu da abinsa, aka cire. Dattijon dai ya rataye facin a bangon rumfarsa.

An daina ƙera wannan samfuri a Jamus a 1979, amma Barazil ta ci gaba har Disamba 2013, lokacin da dokar da ta tilasta sa jakar iska da birki na zamani ta kawo ƙarshenta. Daga nan darajar tsofaffin ta yi ta hawa. A 2017 an yi gwanjon wata ƙirar 1965 mai tagogi 21 a Amurka a kan dala 302,500. Akwai kamfanoni a Turai da ba su da sana'a sai buga sababbin fallayen Kombi, kamfanin Volkswagen da kansa ya buɗe sashen raya tsofaffin a Hanoba, masu sha'awa kuma suna bin ƙasashe masu busasshiyar iska suna neman bodin da gishiri bai taɓa ba. Irin wannan bodi shi ne ke zube a bayan garejinmu, kaji na ƙwai a ciki, har ran da 'yan gwangwan za su zo da sikeli su sare shi da gatari, a loda a tirela zuwa masana'antar narka ƙarfe, ya dawo mana a matsayin rodin gini.