Tsohon carbin Katolika

Carbin Katolika, wanda ake kira rosari, yana da ƙwaya 59 da gicciye a ƙarshensa. Masu tantance shekarunsa ba sa dogara da tsufan ƙwayoyin kaɗai, domin akan sauya wa carbi sarƙa ko gicciye. Sukan fara duba ƙaramin tambarin ƙarfen da ke tsakiya. Mai hoton Maryamu ta Lourdes, a Faransa, ba a ƙera shi kafin 1858 ba. Mai hoton ta Fatima kuwa, wadda babban cocin Katolika na Kano ke ɗauke da sunanta, sai daga 1917. Gicciyen alminiyom ya yawaita ne bayan 1886, lokacin da ƙarfen ya yi araha, ƙwayoyin Bakelite kuma bayan 1907.