Gumbo: Ɗumamen Amurkawa da Kuɓewa ta Raɗa wa Suna

Ga waɗanda data ta hana su sauraron shirin wannan makon, ga shi a rubuce kamar yadda muka saba.

Yau batun wata miya na kawo muku, sunanta gumbo. Kada wani ya ce mun koma shirin girke-girke, ku dai biyo ni, don akwai tarihin shekara 300 a cikin tukunyar nan.

A Amurka, duk ranar Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba ana bikin da suke kira Thanksgiving, wato ranar godiya. Shugaba Abraham Lincoln ne ya mayar da shi bikin ƙasa a 1863, ana tsakiyar yaƙin basasarsu, sannan majalisa ta tsayar da ranar a doka a 1941. Abincin ranar shi ne gasasshen talo-talo, ƙato guda, a ɗora a tsakiyar tebur iyali su kewaye shi. To komai yawan iyali da wuya su cinye. Washegari sai a wayi gari da ƙashi da fiffike da guntattakin nama, kamar dai yadda gidajenmu ke cika da kai da ƙafa bayan Babbar Sallah. A yawancin jihohi cusa ragowar ake yi cikin burodi a wuce wurin. Amma a jihar Luwiziyana da ke kudu, inda kogin Misisifi ke faɗawa teku, wannan ragowar ita ake mayarwa gumbo.

Ga yadda ake yi. A zuba ƙasusuwan a tukunya da albasa, a bar su kan wuta awa biyu zuwa uku har romo ya fito. A wata tukunyar a haɗa fulawa da mai daidai wa daida, a yi ta juyawa a ƙaramar wuta, minti 30 zuwa 45, har ta koma kalar cakulan. Wannan haɗin shi suke kira ru. Idan ka ɗauke ido ya ƙone, sai dai ka zubar ka sake, don ɗaci zai yi. Daga nan a watsa albasa da koren tattasai da seleri, a bi da romon kaɗan-kaɗan, a sa kuɓewa da soyayyen sosej, wato niƙaƙƙen naman da aka ɗura a hanji aka kyafe. Naman talo-talon sai can ƙarshe, tunda dafaffe ne, in ya daɗe a wuta dagargajewa zai yi. Sai a zuba a kan farar shinkafa. Abin lura a nan, sosej ɗin da aka saba sawa, mai suna andouille, na alade ne, don haka Musulmi da duk wanda ba ya cin alade sukan musanya shi da na saniya ko na kaza.

To yanzu mu bi kayan haɗin ɗaya bayan ɗaya, mu ga inda kowanne ya fito.

Mu fara da sunan. 'Yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram da Garwa da Njamena, ya ake ce wa kuɓewa da Faransanci? Gombo. Faransawa ma aro suka yi. Kalmar ta fito ne daga harsunan Bantu na yankin Angola da Kongo, inda ake ce wa kuɓewa kingombo. Ita kanta kuɓewar a jiragen cinikin bayi ta ƙetare teku. Kun ga kenan, tun kafin a buɗe murfin tukunya, sunan ya faɗi asali.

Sai shinkafa. Faransawa sun kafa birnin New Orleans a 1718, yunwa na ta ɗibarsu don ba su san kan ƙasar ba, fadama ce da sauro. A 1719 jiragen bayi na farko suka iso Luwiziyana daga gaɓar Afirka ta Yamma, kuma umarnin da kamfanin ya ba matuƙa ya haɗa da su sayo irin shinkafa, su kuma nemo mutanen da suka iya noma ta. Ku lura da wannan da kyau. Ba ƙarfin damtse kaɗai aka sato ba, har da ilimi. Daga 1719 zuwa 1731 an kawo 'yan Afirka kusan 6,000, kuma kusan kashi biyu cikin uku daga yankin Senegal da Gambiya suke: Bambara, Wolof, Mandinka, Fulani. Mutane ne da tun kaka da kakanni suka saba cin shinkafa da miya mai yauƙi. Malamar tarihi Gwendolyn Midlo Hall ce ta tono waɗannan alƙaluma daga tsoffin takardun Faransa da Spaniya, ta fitar da su a littafinta na 1992 kan 'yan Afirka a Luwiziyana ta zamanin mulkin mallaka.

Na uku shi ne wani garin ganye da ake kira filé. Wannan na 'yan asalin ƙasar ne, ƙabilar Choctaw. Ganyen bishiyar sassafras suke shanyawa su daka, su kawo kasuwar New Orleans su sayar. Duk wanda ya taɓa kaɗa miyar kuka ya gane aikin garin nan: yana sa kauri, yana sa ɗan yauƙi. Bambancin kawai, shi sai an sauke tukunya ake barbaɗa shi, don in ya tafasa zare-zare yake yi. A da, kafin zuwan firji, kuɓewa ake sawa a lokacin zafi da take nuna, in sanyi ya shigo ta ƙare sai a koma kan filé. Choctaw na kiran sassafras kombo, shi ya sa wasu ke danganta sunan miyar da su. Ko ta wace hanya aka bi dai, sunan ba daga Paris ya zo ba.

Abin da Faransawa suka kawo shi ne ru, soya fulawa a cikin mai. Amma nasu na gida fari ne ko ruwan zuma, a Luwiziyana ne aka matsa masa wuta ya yi duhu. Sosej kuwa, sunansa na Faransanci ne, amma ana yawan jingina sana'ar kyafe shi ga Jamusawan da suka zauna a bakin Misisifi tun 1721, wurin da har yau ake kira Gaɓar Jamusawa. Sannan ga mutanen Akadiya, manoma masu jin Faransanci da Ingila ta kora daga gabashin Kanada tun daga 1755. Da yawansu sun ƙare a fadamun Luwiziyana, su ne Kejun na yau, kuma su suka shahara da gumbon kaza da sosej mai baƙin ru. Shi kansa talo-talo ɗan nahiyar ne, a Meziko aka fara kiwonsa tun kafin Bature ya taka ƙafa can.

Yanzu ga labarin da ya fi taɓa ni. Ɗaya daga cikin tsoffin takardun da sunan miyar nan ya fito a ciki ba littafin girki ba ne, takardar kotu ce ta New Orleans ta shekarar 1764. Hukuma na binciken wani bawa da ya gudu mai suna Louis, sai aka kamo wata baiwa mai suna Comba ana yi mata tambayoyi, ciki har da ko ta ba shi gumbo. Kumba suna ne da har gobe ake sa wa 'ya'ya mata a Senegal da Gambiya. Ku duba fa: mace ta ciyar da mai neman 'yancinsa, kwanon miyar ya zama hujja a kanta. A 1803, shekarar da Napoleon ya sayar wa Amurka Luwiziyana kan dala miliyan 15, gumbo ya riga ya hau teburin liyafar gwamna. Cikin shekara 40 miyar ta tashi daga ɗakin bayi zuwa gidan gwamnati, masu dafa ta kuwa suna nan a matsayin dukiyar wani har zuwa lokacin yaƙin basasa.

To wa ya rubuta tarihin? A nan gizo ke saƙar. An daɗe ana yaɗa cewa gumbo jikan wata miyar kifi ce ta birnin Marseille mai suna bouillabaisse. Amma waccan ba kuɓewa, ba ru, kuma da burodi ake cin ta. Labarin ya samu shiga ne don masu alƙalami sun fi son asalin da ya kai su Turai. A 1900 jaridar Picayune ta New Orleans ta buga wani babban littafin girke-girke, kuma a cikinsa akwai gumbon ragowar talo-talo, wanda ke nuna al'adar ta haura shekara 120. Littafin da kansa ya amsa cewa daga bakin tsofaffin mata baƙar fata masu girki aka kwaso ilimin, amma bai jera sunayensu ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Duk da haka akwai waɗanda suka ƙi ɓacewa. Abby Fisher a cikin bauta aka haife ta a kudancin Amurka, ba ta iya karatu da rubutu ba. Sai ta zauna tana faɗa ana rubutawa, a 1881 littafinta ya fito a San Francisco da sunanta a bango, har da gumbon kuɓewa a ciki. Sai kuma Leah Chase ta gidan abincin Dooky Chase's a New Orleans. A zamanin wariyar launin fata, lokacin da doka ta raba wurin cin abincin baƙi da na farare, a ɗakin saman gidan abincinta masu fafutukar 'yanci ke haɗuwa, baƙi da farare, suna tsara tafiya ana kawo musu gumbo. Thurgood Marshall ya ci a can, Martin Luther King ma haka. Ambaliyar guguwar Katrina ta 2005 ta cinye wurin, ta sake buɗe shi a 2007. Ita ce matar da Disney suka duba suka zana Gimbiya Tiana a fim ɗinsu na 2009. Ta rasu a 2019 tana da shekara 96. Kafin rasuwarta, a 2004, jihar Luwiziyana ta ayyana gumbo a matsayin abincinta a hukumance.

Shi ya sa nake kiran gumbon talo-talo ɗumame. Mu mun san tuwon jiya da aka ɗumama da safe sau da yawa ya fi na daren daɗi, kuma mun san wa ya ƙirƙiro wannan dabara: wanda ba shi da halin zubarwa. Fitar da romo daga ƙashi, da sa ɗan nama ya ishi mutum goma ta hanyar kauri da shinkafa, ilimi ne na mutanen da aka bar wa ragowa. Yau ɗan Luwiziyana mai kuɗi ma ba ya yarda a jefar masa da ƙashin talo-talo.

Abin da nake so mu ɗauka shi ne wannan. Sunan Comba ya iso gare mu ne don wani akawun kotu ya rubuta shi a takardar tuhuma. Na Abby Fisher ya iso ne don ita da kanta ta sa aka rubuta. Mu fa? Kowannenmu na da waya a hannu mai ɗaukar murya. Iya ko Goggo ko Inna da ta san yadda ake daddawa tun daga kalwa, da lokacin da ake yanka kuɓewa a shanya, da abin da aka ci a shekarun fari, tana nan zaune a tsakar gida. Ku zauna da ita minti 20, ku ɗauki muryarta, ku rubuta cikakken sunanta da garinsu a kai.

Ku faɗa mana a ƙasa: me ake yi da ragowar naman layya a gidanku, kuma wa ya koya wa mai yin? Za mu karanto wasu a shiri na gaba in Allah ya kai mu. Ku tura wa wanda kuka san zai amfana.