Ƙaiƙayin kai bayan kitso da gashin doki: Musabbabi, alamomi da magani

Ƙaiƙayi da zafin fatar kai bayan kitso da ƙarin gashi, wanda aka fi sani da gashin doki ko atach, matsala ce da mata da dama ke ɗauka tamkar wani ɓangare na kwalliya. Wadda ta kashe dubban nairori, ta kuma wuni a gaban makitsiya, ba ta son jin zancen tsifa bayan kwana biyu, sai ta koma bubbuga kai da tafin hannu. Amma wannan ƙaiƙayi yana da tushe aƙalla uku, kuma lokacin da ya fara da wurin da ya fi tsananta su ne ke nuna wanne ne.

Gashin kansa

Duk da sunansa, gashin doki ba daga jikin doki yake fitowa ba. Zare ne na roba da ake sarrafawa a masana'anta, kuma mafi shahararsa shi ne Kanekalon, wanda kamfanin Japan da yanzu ake kira Kaneka ya fara samarwa a 1957. Ana rina zaren, ana kuma shafe shi da sinadaran da ke sa shi santsi da sheƙi, kuma fatar wasu ba ta jituwa da su.

Idan sinadarin ne ke cin fata kai tsaye, raɗaɗi kan fara cikin sa'o'i kaɗan. Idan kuwa jiki ne ya ƙi shi, sai bayan kwana ɗaya zuwa uku ƙaiƙayi da ƙananan ƙuraje ke fitowa. Babbar alamar ita ce abin ba ya tsayawa a kai kaɗai: yakan bi duk inda jelar kitson ke taɓawa, wato wuya, bayan kunne, goshi da kafaɗa.

A watan Fabrairun 2025 ƙungiyar Consumer Reports ta Amurka ta gwada nau'i 10 na irin wannan gashi, ta samu dalma a 9 daga cikinsu, ta kuma samu sinadarai masu alaƙa da ciwon daji a dukkansu. Gwajin ya auna abin da ke cikin gashin ne, ba lafiyar masu amfani da shi ba. Duk da haka ya nuna cewa gashin yana fitar da sinadarai a iska idan ya ji zafi, abin da ya shafi makitsiya fiye da kowa, tunda ita ke tsoma jelar a tafasasshen ruwa ko ta ƙone bakinta da wuta kullum.

Ɗaurewar kitso

Wannan shi ne mafi haɗari, kuma shi aka fi rainawa. Idan aka ja gashi da ƙarfi, sannan aka ɗora masa nauyin dogon atach, saiwarsa takan kumbura. Alamomin sukan bayyana tun ranar farko: ciwon kai, fata ta ɗaga a gindin kitso, wahalar kwanciya a kan matashi, sai kuma ƙananan ƙuraje, wasu da farin baki, a gefen goshi da ƙeya. Waɗannan ƙuraje kan zama ƙofar shigar ƙwayoyin cuta, su yi ruwa.

Idan aka ci gaba da maimaita irin wannan kitso, gashin gaban goshi da na saman kunne ya fara ja da baya. A farkon lamari yana sake tsirowa da zarar an daina ja. Amma bayan shekaru saiwar takan mutu, tabo ya maye gurbinta, kuma babu man da zai sake tsirar da gashi a wurin, komai tsadarsa. Binciken da likitar fata Nonhlanhla Khumalo da abokan aikinta suka wallafa a 2007 daga birnin Cape Town na Afirka ta Kudu ya samu irin wannan zubewar gashi a kusan kashi ɗaya cikin uku na matan da aka duba, kuma haɗarin ya fi yawa ga waɗanda suka yi kitso a kan gashin da aka miƙar da rilaksa.

Matan da ke guje wa gashin doki saboda dalilin addini, suna kitso da ulu ko zare, ba su tsira daga wannan ba, domin ja ne ke yin illar, ba irin abin da aka ƙara ba. Maganar da ake yawan faɗa a shaguna cewa kitso mai kyau sai da zafi ba ta da tushe.

Gumi, mai da amosani

Ƙaiƙayin da ya fara bayan mako biyu ko uku galibi na tarin gumi ne da mai da ƙura. A lokacin bazara, ga ɗankwali ga hijabi a kan kitso mai kauri, fatar kai takan wuni cikin danshi, yanayin da ke haɓaka ƙwayar da ke jawo amosani. Yawan lafta mai a wannan hali yana ƙara dagula abin ne.

Matakan kariya da magani

Makitsa da yawa kan jiƙa gashin a ruwan ɗumi da aka zuba wa ɗan khal, su ɗauraye, su shanya kafin a fara aiki. Wanke shi da sabulun gashi ma yana rage abin da ke jikinsa. Ba a zuba khal a fatar da ta riga ta yi rauni. Wadda ta taɓa samun matsala za ta iya yin 'yan silin kitso kaɗan a ƙeya, ta jira kwana uku ta ga yadda fata za ta karɓa.

Ya kamata a bar aƙalla mako biyu tsakanin shafa rilaksa da kitso, a sassauta gefen goshi, a rage tsawo da nauyi. Ana wanke fatar kai duk mako ɗaya ko biyu, a bari ta bushe sarai kafin a rufe. Likitocin fata galibi suna ba da shawarar kada kitson ya wuce mako 6 zuwa 8. Sabulun gashi mai ɗauke da ketokonazol yana maganin amosani, amma kitson da ke zafi bayan kwana guda maganinsa tsifa ne.

Zuwa asibiti ya zama dole idan akwai ruwa ko mugunya, kumburin fuska ko ido, zazzaɓi, ko kaluluwa a wuya. Man shafawa masu ƙarfin sitiroid da ake saye a kantin magani ba da takardar likita ba suna kwantar da ƙaiƙayi, amma suna sirantar da fata, suna kuma ɓoye makero har ya yaɗu. Shi makero, wanda ya fi kama yara kuma yake bin mataji da tsinken kitso daga kai zuwa kai, ba ya jin man shafawa kaɗai. Sai an haɗa da maganin sha na makonni da likita zai rubuta.