Tafiyar Keke Zuwa Kasuwar Kirsimeti Ta Dresden



Kasuwar Striezelmarkt da ke Dresden a ƙasar Jamus ta faro ne a 1434, lokacin da Sarki Friedrich na Biyu ya ba da izinin a ci ta yini guda kacal, jama'a su sayi naman biki bayan azuminsu. Wato kasuwar jajibere ce irin tamu. Burodinsu na biki kuwa, Stollen, da farko ba ya da armashi, don coci ya hana man shanu a kwanakin azumi, sai a 1491 Paparoma Innocent na Takwas ya sassauta musu.

Wannan tarihi ne ya sa na hau keke a Disamba daga Prague, na bi gaɓar Vltava da Elbe, fiye da kilomita 200. Ƙarfe 4 duhu ya yi, yatsu sun sandare, sanyin Jos wasa ne.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne filin kasuwar, Altmarkt. Bayan ruwan bama-baman Fabrairun 1945, a nan aka ƙona gawarwaki 6,865 don gudun annoba. A kan wannan fili ake kafa rumfunan.