Mai Cakuɗawa da Mai Yankawa: Tarihin Adalcin Rabon Karta a Garuruwanmu



Duk wanda ya taɓa zama a nadi, a Mai Wurno ko Sinnar ko Singa ko ƙauyukanmu na Jazira, a daren azumi bayan an sauko daga tarawihi, ya san yadda matasa ke haɗa gasar wist da konkan, unguwa da unguwa, wani lokaci gari da gari. Ya kuma san cewa gardamar da ta fi tsinka zumunci ba ta cika tashi a tsakiyar wasa ba. Tana tashi ne tun kafin a jefa kati na farko, a kan yadda aka cakuɗa. Maƙwabtanmu Larabawa suna kiran cakuɗa karta "shakk", mu kuwa a Hausa shakka ita ce kokwanto, sai kalmomin biyu suka haɗu a bakin yaranmu, kuma sun dace da juna.

Hukuncin wasan kansa muna barinsa ga malamai. Sun haɗu a kan cewa in an sa kuɗi ya zama caca, caca kuwa haramun ce, kuma da yawansu ba sa son sa ko da babu kuɗi, saboda yana cinye lokacin salla. Abin da muke bi a nan shi ne tarihin tambaya guda: da me ake gane cewa rabo ya yi adalci?

Kakanninmu sun iso bakin wannan kogi da amsarsu a hannu. Bayan da Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira gabas da jama'arsa, har suka zauna a garin da ke ɗauke da sunansa a kudu da Sinnar. Wasu sun riga su zuwa a kan hanyar hajji, wasu kuma aikin auduga ya jawo su bayan an gama madatsar Sinnar a 1925. Mutanen nan sun san ƙuri'a sani na karatu. Alƙur'ani ya ambaci jefa alƙaluma domin a fitar da mai renon Nana Maryamu, ya ambaci ƙuri'ar da ta faɗa wa Annabi Yunusa a cikin jirgi. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa idan zai yi tafiya. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda kowane almajirinmu ya bi ta kanta, ta shar'anta cewa rabon ƙuri'a tsakanin abokan tarayya sai a cikin kaya iri ɗaya.

Wanda bai yi karatu ba ma ya ga abin a watanda. A yanka sa, mahauci ya kasa nama kashi-kashi daidai gwargwado, kowane mai rabo ya kawo alamarsa, tsinke ko tsakuwa ko ƙwallon dabino. Sai a kira yaron da bai san alamar kowa ba, ya ɗora ɗaya a kan kowane kashi. Mahauci ya san kashin da ya fi tsoka amma bai san wanda zai samu ba, yaro kuma shi ke bayarwa amma bai san wa yake ba wa ba. An raba sani da iko tsakanin hannu biyu, don haka ba wanda ke buƙatar a rantsar da shi.

Ita karta tata hanyar daban ce. A fadar Topkapi da ke Istambul akwai karta ta zamanin Mamalik na Masar, wadda masani L. A. Mayer ya bayyana a 1939, mai iri huɗu: kofuna, tsabar kuɗi, takubba da sandunan wasan doki. Ta shiga Turai a shekarun 1370, kuma har yau irin da muke kira dinari yana tuna mana da tsabar kuɗin nan. Wist kuwa sunansa ya tona asalinsa, wasan Ingila ne, ƙasar da ta riƙe Sudan tare da Masar daga 1899 zuwa 1956. Manyan kulob na Landan sun amince da rubutattun dokokinsa a 1864, kuma a cikinsu akwai babi guda a kan cakuɗawa. Ba a cakuɗawa a ƙarƙashin tebur, ba a cakuɗawa yadda za a ga fuskar kati. Kowane ɗan wasa yana da haƙƙin ya cakuɗa, mai rabo ne na ƙarshe. Sannan na hannun damansa ya yanka, kada ya bar ƙasa da kati huɗu a kowane ɓangare.

Da wannan ƙa'ida ta iso wurinmu ba ta yi baƙunta ba, domin watanda ce a kan tabarma: mai cakuɗawa daban, mai yankawa daban. Shi ya sa har yanzu, idan ƙorafi ya kai gaban dattijo, tambayarsa ta farko ita ce, "An ba ka ka yanka?" In aka ce an ba shi, sai a ce to magana ta ƙare.

A ganinmu maganar ba ta ƙare a nan ba. Yanka yana maganin wanda ya ɓoye babban kati a sama ko a ƙasa, amma ba ya taɓa jerin da ke ciki. Katin da ke bin wani kafin a yanka, shi ke binsa bayan an yanka, in ban da wuri ɗaya da aka raba. Yanka yana tsare mu daga maguɗi, ba ya tsare mu daga ƙyuya. Wist kuma ya fi kowane wasa cutuwa da ƙyuyar hannu, saboda kowane ci yawanci kati huɗu ne iri ɗaya, a haka ake tattara su. In aka yi cakuɗawar ganin dama aka raba ɗaya-ɗaya, huɗun nan sukan watsu ɗaya ga kowane mutum, sai hannuwa su riƙa fitowa a daidaice fiye da yadda sa'a za ta bayar. Tsohon ɗan wasa mai riƙe jeri a ka yana cin moriyar wannan ba tare da ya saci komai ba. 'Yan wasan birij a Amurka sun gano haka a shekarun 1970, lokacin da aka fara raba musu karta da kwamfuta. Suka yi ta kukan cewa na'ura tana ba su hannuwa masu ban mamaki, alhali hannuwan da suka saba da su ne ba su cakuɗu ba.

Sau nawa ke nan ya isa? Masana lissafi biyu, Dave Bayer da Persi Diaconis, sun amsa a 1992. Shi Diaconis ɗin tun yana ɗan shekara 14 ya bar gida ya bi wani gwanin dabo, don haka ya san hannun maguɗi daga ciki. Sun auna cakuɗawar da ake raba karta gida biyu a sake ta da manyan yatsu, ɓangarorin su shiga juna kamar haƙoran mataji. Suka nuna cewa kati 52 yana buƙatar wannan kamar sau bakwai. Ƙasa da biyar, tsohon jeri yana nan da ransa. Ita kuwa cakuɗawar da muka fi sabawa da ita, ta zubo karta kaɗan-kaɗan daga hannu zuwa hannu, lissafi ya nuna sai an yi ta sau dubbai kafin ta kai wannan matsayi. Konkan, da ake haɗa fakiti biyu, ya fi haka buƙata.

Akwai wata dabarar da ke ruɗin ido, wato a jera karta tuli-tuli a kan tabarma sannan a haɗa. Masu gasar Magic: The Gathering, wasan katin tarawa da musaya da ya fito a 1993, inda kowa ke zuwa da nasa ƙunshin, sun yanke hukunci a kanta. Dokarsu ba ta lissafa ta a matsayin cakuɗawa, domin mai jerawa yana iya sanin inda kowane kati ya sauka, an yarda da ita ne kawai sau ɗaya don a ƙirga. Kuma dole kowa ya miƙa ƙunshinsa ga abokin karawarsa ya cakuɗa da hannunsa.

Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, ya ci Wad Madani a Disamban shekarar, ya kai Singa a tsakiyar 2024, jama'a sun tarwatse sun sake haɗuwa a wuraren da ba su saba ba. Tabarma ɗaya yanzu takan haɗa mutanen da ba su san iyayen juna ba, kuma kalmar "ɓarawo" da a da ake yi wa dariya tsakanin 'yan unguwa tana iya zama faɗan dangi ko na ƙabila. Mu da muke 'yan tsiraru mun fi kowa sanin tsadar irin wannan zargi. Saboda haka wanda aka naɗa alƙalin gasa ya faɗi sharaɗi tun kafin a zauna: a ƙirga karta a gaban kowa, a cakuɗa irin ta mataji sau bakwai a saman tabarma fuskarta a kife, ɓangaren da ke karawa ya karɓa ya ƙara nasa in yana so, sannan ya yanka. Wanda hannunsa bai iya ta mataji ba, ya baza kartar a kife ya dama ta da tafukansa biyu na minti guda. In rabo ya ɓaci ko kati ya buɗe, a tattara a sake daga farko, ba tare da an tambayi niyyar kowa ba.