Sunayen da suka rage bayan an kori masu su

Jiya a ajin taswira aka ba mu ta arewacin Sikotlan mu yi aiki a kanta. Abokan karatuna suna ta dariyar sunayen duwatsun, wai kamar an zubar da haruffa a ƙasa. Ni kuwa sai abin ya tsaya min a rai, na kwana ina bincike.

Ashe ba Turanci ba ne, Gelik ne, harshen mutanen tsaunukan ƙasar. Kuma ba su da kalma ɗaya ta "dutse". Beinn babban dutse ne, daga nan aka samu Ben Nevis, wanda ya fi kowane tsawo a Birtaniya, mita 1,345. Sgùrr mai tsinin kai ne, meall mai kama da curi, càrn kuma tarin duwatsu. Makiyayi na jin suna ya san irin hawan da ke gabansa. Wanda ya fi burge ni shi ne Buachaille Etive Mòr, wato babban makiyayin kwarin Etive. Dutse ne tsaye a bakin kwari kamar mai tsaron garke. Wallahi Bafulatani zai gane wannan sunan ba sai an yi masa bayani ba.

To ya aka yi sunayen suka karkace? Bayan an murƙushe tawayen mutanen tsaunuka a yaƙin Culloden a 1746, gwamnati ta ga sojojinta ba su san ƙasar ba. Daga 1747 zuwa 1755 William Roy ya yi aikin auna ta. Kun ga tun farko don mulki aka zana taswirar. Masu awon da yawa ba sa jin Gelik, abin da kunnensu ya kama shi suke rubutawa. Haka Sìdh Chailleann, tudun aljanun mutanen Kaledoniya, ya koma Schiehallion. Mu da aka mayar wa Sakkwato Sokoto ai ba baƙon abu ba ne a wurinmu.

Akwai wanda ya fi wannan. Jerin duwatsun da ake kira Cairngorms yau, masu wurin Am Monadh Ruadh suke ce masa, jajayen tsaunuka, saboda launin dutsen. Sai aka ɗauki sunan guda ɗaya a ciki, An Càrn Gorm, shuɗin dutse, aka laƙaba wa duka. Ja ya koma shuɗi a takarda, kuma takardar ce ta yi nasara.

Sannan aka kwashe mutanen kansu. Daga wajen 1750 zuwa 1860 masu filaye suka tashi ƙauyuka don su zuba tumaki, dubbai suka nufi Kanada da Amurka. Dokar ilimi ta 1872 ko ambaton Gelik ba ta yi ba. A ƙidayar 2011 masu iya magana da shi wajen 57,000 ne kacal. Yau mai hawan dutse zai wuce Beinn an Dòthaidh, ya ɗau hoto, ya kasa furta sunan.

Da safe na tambayi wani abokina Bayarabe ma'anar Abeokuta. Nan take ya ce "ƙarƙashin dutse". Sai ya ce to ni fa, Kufena na garinmu me yake nufi? Na buɗe baki na rufe. 'Yan Zazzau da ke nan, don Allah wanda ya ji daga bakin kakansa ya faɗa min, na ce masa zan kawo amsa ranar Litinin.