Uwa, Kishiya da Dodo: Yadda Tatsuniya ta Shiga Littafin Yara

Duk wanda ya yi makarantar boko a ƙasar nan ya san tatsuniyoyin Perrault da na ƴan'uwa Grimm, amma ba kowa ya san gyaran da aka yi musu kafin su iso hannun yara ba. Tarihin wannan gyara ya kamata ya shiga lissafin masu tsara littattafan karatu cikin harsunan ƙasa.

Charles Perrault ya buga nasa a Faransa a shekarar 1697, shekara uku bayan babbar yunwar 1693 zuwa 1694. A cikin Le Petit Poucet, uba da uwa ne da kansu suka kai ƴaƴansu bakwai daji suka yar, don babu abin ci. Dodo mai cin mutane yana can gaba, amma tsoron farko daga cikin gida ya fito, kuma Perrault bai ɓoye wannan ba. Manyan birni yake rubuta wa.

A Jamus, Jacob da Wilhelm Grimm sun fitar da kundinsu na farko a 1812, da niyyar aikin bincike irin namu, watau adana abin da baki ya riƙe. A wannan bugu, sarauniyar da ta nemi halaka Blanche-Neige don kishin kyau mahaifiyarta ce. Da littafin ya shiga gidaje, aka soma ƙorafi cewa bai dace da yara ba, sai Wilhelm ya ɗauki alƙalami. A bugun 1819 mahaifiya ta rasu tun farkon labari, mugunta ta koma kan matar uba. Haka aka yi wa labarin Hansel da Gretel a bugun 1840. Abin lura shi ne abin da ya bari: mayya tana nan, madubi mai magana yana nan, har takalman ƙarfe masu zafi da aka sa wa sarauniya ta yi rawa da su sai da ta mutu suna nan a bugun ƙarshe na 1857. Maita da azaba ba su dame shi ba. Uwa mai ƙin ɗanta ita ce ya kasa bari a gaban yara.

To, a nan ne matsalar ta zo kanmu, kuma matsalar harshe ce. Mai fassara yakan ga kalmar marâtre ya rubuta kishiyar uwa, ya wuce. Alhali ita marâtre sai bayan mutuwar uwa take shigowa, domin gidan Turai na mace ɗaya ne. Kishiya kuwa tana iya zama da uwa raye, ɗaki na kallon ɗaki. A tatsuniyar Ruwan Bagaja, wadda Abubakar Imam ya ari sunanta ga littafinsa na 1934, rigimar ta mowa da bora ce. An kori ƴar bora zuwa wani ruwa mai nisa ta yi wanki, ta gamu da abubuwan al'ajabi, ta yi musu ladabi, ta komo da arziki. Ƴar mowa ta bi sawu da rashin kunya, ta kwaso wahala. Mutanen ɓoye a nan alƙalai ne na tarbiyyar ɗakuna biyu, kuma uban da ya fifita ɗaya yana cikin masu laifi ko da tatsuniya ba ta kama sunansa ba. Wannan ma'ana ba ta cikin Cendrillon, duk da kamar da ke tsakaninsu.

Tun daga Magana Hausa na Schön a 1885, wanda ya samu da yawa daga bakin Dorugu, ɗan ƙasar Damagaram, zuwa kundaye uku na Edgar tsakanin 1911 da 1913, don manya aka rubuta tatsuniyoyinmu, masu koyon harshe da masu mulki. Sai da Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya, a farkon shekarun 1970, suka zauna sosai a aji. Ke nan mai shirya littafin yara a Maraɗi ko Tawa yana tsaye inda Wilhelm ya tsaya a 1819, da alƙalami a hannu da malamai masu ba shi shawara ya sassauta. A ganina, in gyara ya zama dole, a ajiye ruwayar asali kamar yadda aka ɗauke ta, tare da sunan gari da shekara, kuma a faɗa a gaban littafi abin da aka canja. Yaron da zai karanta labarin mowa da bora a aji, sau da yawa cikin gida irin wannan zai kwana.